Hannun Yaya Kashim

Kazaure,
9 ga Fabrairu, 2023.

Yaya Kashim,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can dajin haƙar zinariya. Mu nan kalau. Goggo Yagana tana nan da ciwon gwiwarta, kullum sai ta ce kai ɗanta ka manta da ita. Baba ma lafiya, sai faɗa. Tunda babu netwok inda kake, Ahmad direba na Babura ya ce duk sanda zai kai kaya Agadas zai tafi mana da takarda, ya ba masu kai muku ruwa.

Yaya, an ci mutuncina. Tun da ka tafi, shekara uku ke nan, ba wanda ya taɓa tayar da ni daga kan benci a gidan gem ɗin Yakubu in dai wasan faɗa na talabijin ne. To ranar Juma'a wani tela ya zo daga Gwiwa sayen zare, Na'Allah sunansa, siriri, ba ya magana. Ya karɓi hannun gem ya zauna kusa da ni. Goma ba ko ɗaya ya yi mini. Kuma ba wai ya fi ni iya duka ba ne. Tsayawa kawai yake yi, ina ta zuba masa yana tarewa, da na yi kuskure sai ya ɗan taɓa ni sau biyu ya koma ya tsaya. Da aka gama na ce, "Malam, wannan ai ba wasa ba ne, tsoro ne." Ya ce, "To mu ƙara." Ban ƙara ba.

Abin da ya sa ya dame ni, a watan Disamba za a yi gasa a Kano, mutum biyun farko za a ɗauki nauyinsu zuwa Legas. Na faɗa wa Baba. Ya ce, "Nafi'u, ka yi difloma, shekararka ashirin da shida, kana zaune gaban talabijin kana dukan mutanen da babu su." Amma ya ba ni zuwa ƙarshen shekara. In ba abin da ya fito, in tattara in koma Roni in riƙe masa gona da siton hatsi. Na amsa masa.

Kai ka fara koya mini wasan nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya tarewa kamarka ba. A lokacin ban saurare ka ba. Yanzu ka koya mini, ko a takarda ne. Kada ka manta kai ɗan mace ne ni ɗan namiji, dole bawa ya yi wa ubangidansa aiki.

Ƙanenka,
Nafi'u.

*

Dajin zinariya, arewa da Agadas,
14 ga Maris, 2023.

Nafi'u,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ina lafiya, sai zafin rana da ƙarancin ruwa. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ban manta ba. Ka durƙusa ka gai da Kawu. Ka kuma gai da telan nan, Allah ya yi masa albarka, ya yi mini aikin da na kasa yi shekara da shekaru.

Ciwonka ɗaya ne tun da can: mutuminka kake kallo a allo, ba ka kallon abokin faɗa. Mutuminka ba zai gudu ba, ka san inda yake. Ka sa ido a kan ɗayan.

Ga abin da za ka yi, kuma na san ba za ka so ba. Sati biyu kada yatsanka ya taɓa maɓallin duka. Ka sa Yakubu ko wani ya yi ta kai maka, kai kuwa ka ja baya da ƙasa, mutuminka ya durƙusa. Yawancin duka a durƙushe ake tare shi. Ba za ka miƙe ba sai ka ga ya yi tsalle, ko ya ɗaga hannu zai sauke maka a ka. Za a yi ta kashe ka, za a yi maka dariya. Ka bar su.

Bayan nan sai ka lura da wani abu. Kowane duka yana da ɗan lokacin da mai shi ke ɗauka kafin ya dawo daidai. Ƙaramin naushi nan take yake dawowa, in ka ce za ka rama kai za ka sha. Babban duka kuwa, in ka tare shi, yana barin mutum a buɗe. Ka sami littafi ka rubuta waɗanda ake ramawa da waɗanda ba a ramawa. In ka tare wanda ba a ramawa, yatsunka za su yi ta ƙaiƙayi. Ka ci gaba da tarewa. Kuma in jinin mutuminka a allo ya fi nasa yawa agogo na tafiya, shi ke da gaggawa, ba kai ba.

Nan ma akwai wani ɗan Tawa mai rumfar gem da sola. Ƙwallo suka fi bugawa, amma ranar hutu nakan ɗauko tsohon hannuna na gem, wanda na taho da shi daga gida, in kashe mutum biyu uku don kada in manta.

Raminmu ya kai gaba ashirin, ba mu ga komai ba tukuna. A sa mu a addu'a.

Bawan da ya fi ubangidansa,
Kashim.

*

Kazaure,
28 ga Afrilu, 2023.

Yaya Kashim,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi ibada lafiya. Kowa kalau. Goggo ta sa na karanta mata layin da ka ce ba ka manta ba har sau biyu.

Na yi sati biyun. Wallahi ban taɓa shan wulaƙanci irin wannan ba, har wanda bai san hagu da dama a wasan ba sai da ya zo ya kashe ni ya tashi yana shewa. Amma a kwana na tara wani abu ya faru. Yakubu ya ɗan matso, kafin ya yi tsalle na san zai yi. Ban san yadda zan bayyana maka ba. Kamar an rage wa wasan gudu.

Littafin ya kai shafi goma sha ɗaya. Na'Allah ya dawo bayan Sallah, ya yi mini goma da huɗu. Da zai tafi ya ce, "Wa ke koya maka?" Na ce wani bawana ne a Nijar.

Yanzu ga inda nake shan wuya. Da ya ga na durƙusa ina tarewa, sai ya tako kawai ya kama ni ya buga da ƙasa, ka san kamu ba a tare shi. Kuma in ya kai ni lungu na faɗi, ina tashi nake kai duka don in fita, shi kuwa jira yake yi.

Atisayen ma ba ya samuwa yadda nake so. Wuta takan yi kwana biyar ba ta zo ba, Yakubu kuma awa biyu kacal yake tayar da janareto bayan la'asar, ga layi. Na'Allah sai Juma'a. Don Allah ka zo babbar Sallah mu kara, ko kwana goma ne. Da kai kaɗai zan san inda na kai.

Nafi'u.

*

2 ga Yuli, 2023.

Nafi'u,

Salam. Ka yafe jinkiri. Ina nan da rai. A gai da Inna da Kawu.

Kamu ana ɓalle shi. In ya matso har jikinku ya haɗu, ka danna naka kamun, amma ba nan take ba, ka ɗan jinkirta kamar ƙiftawar ido. In duka ya kawo, kana tare. In kamu ne, ka ɓalle.

In ka faɗi a lungu, ka tashi da tarewa sau bakwai cikin goma. Lungu ba mutuwa ba ne, garajen fita ne ke kashe mutum. Mai tsalle kuma ka daina tare shi, ka kakkaɓo shi tun yana sama.

Maganar mu kara, ka cire ta a ranka. Hannuna ya tashi aiki tun ƙarshen watan Mayu, ba kuma zai gyaru ba. Ka riƙe telan da kyau.

Kashim.

*

Kazaure,
24 ga Yuli, 2023.

Yaya Kashim,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, ruwa ya sauka sosai, Baba yana ta zarya zuwa Roni. Goggo ta ji haushin rashin zuwanka Sallah, amma ta huce.

Wane irin rubutu ne wannan ka aiko mini, kamar na ɗan aji ɗaya? Ko a kan raƙumi ka rubuta? Sai da na kai wa Yakubu muka haɗu muka karanta.

Kuma na gane wayonka. Ka ji na fara cin Na'Allah turmi shida cikin goma, tsoro ya kama ka, shi ne za ka ce wai hannunka ya tashi aiki. Yo wannan tsohon hannun ai tun kana gida maɓallansa ke maƙalewa, da salatif ka ɗaure wayarsa. Da ma jefar da shi ya kamata ka yi. To ba ka da sauran hujja. Ga shi nan cikin kwalin da Ahmad zai ba ka, nawa ne sabo, wanda na ɓoye don gasar Kano. Ni zan lallaɓa da na shago. Ka motsa yatsunka da shi a rumfar ɗan Tawa, ka taho mini da abina kafin Disamba, in kashe ka a gaban jama'a sannan in tafi Kano. In ba ka zo ba zan sa a yi shela a Kazaure cewa Kashim ya gudu.

Jinkirin ɓalle kamun nan yana aiki. Na'Allah ya yi dariya a karon farko tun da na san shi.

Ubangidanka,
Nafi'u.

*

Kazaure,
20 ga Disamba, 2023.

Yaya Kashim,

Assalamu alaikum. Ban san ranar da wannan za ta same ka ba. Kwana kaɗan bayan Ahmad ya tsallaka da kwalinka aka rufe boda, shi kansa da ƙyar ya dawo, motarsa na nan a ajiye a Babura. Wata biyar ba mu ji daga gare ka ba. Goggo ta rame. Zan ajiye takardar har a buɗe hanya.

A watan Nuwamba na ci Na'Allah goma da takwas. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Je ka Kano."

Mu sittin da huɗu ne. Na ci mutum huɗu a jere, uku daga cikinsu irin yadda nake a da ne, suna ta zuba duka ina tsaye ina jira. Saura mu huɗu. Wanda duk ya ci wasansa na gaba ya tafi Legas.

Aka haɗa ni da wani ɗalibin jami'a. Ya ci turmin farko, na ci na biyu. A na uku jinina ya fi nasa, saura daƙiƙa goma sha ɗaya, ya tura ni lungu. Yaya, da ka ga ƙanenka. Ya kawo ta ƙasa na tare. Ya ɗaga zai sauke a ka na miƙe na tare. Ya yi tsalle na kakkaɓo shi. Ɗakin ya ɗauki ihu, wani a bayana yana cewa, "Ɗan Jigawa ya zama bango!" Saura daƙiƙa huɗu ya tako har jikina. Na ce kamu ne, na jinkirta kamar yadda ka ce, na danna. Ashe ya ja baya taku ɗaya. Mutumina ya miƙa hannu ya kamo iska. Abin da ya biyo baya ban ma kalla ba.

A waje ya same ni ya ce tarewata ta burge shi, da wa nake atisaye? Na ce da wani tela, ranar Juma'a. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Shi na'urarsa na ɗakinsa, ga sola ga intanet, kullum awa biyar yana karawa da mutanen ƙasashe daban-daban. Wannan ja da bayan da ya yi mini, ya ce a wurinsu abin yau da kullum ne. Ni ban taɓa ganinsa ba sai ranar da ya kashe ni. Kuma ya ce shi ma in ya je Legas ba ya wuce zagaye na biyu.

A mota na yi ta tunanin wannan har muka wuce Ɗanbatta. Wata goma na yi, na koyi duk abin da ka ce, na fi yadda nake nesa ba kusa ba. Kuma iyakacina ke nan.

Yakubu ya sayar da na'urorin, fetur ya fi ƙarfinsa, zai mai da shagon wurin cajin waya. Da aka kawo mini tuwo na tarar Baba ya sa makullin siton Roni a gefen kwano.

Nafi'u.

*

Agadas,
16 ga Afrilu, 2024.

Nafi'u,

Wa alaikumus salam. Wani ɗan Damagaram ne ke rubuta mini wannan, ina faɗa yana rubutawa. Jiya Ahmad ya ba ni takardarka ta Disamba hannu da hannu, don yanzu ina cikin gari. Jikina da sauƙi.

Ba hannun gem nake nufi ba. A ƙarshen watan Mayun bara injin niƙa dutse ya kama mini hannun dama. Yatsu uku da rabin tafi suka tafi, sauran biyun ba sa lanƙwasuwa. Takardar da ka ce ta ɗan aji ɗaya ce, da hagu na rubuta ta, kwana biyu na yi a kanta.

Kwalinka ya iso a watan Agusta. A gaban mutane na buɗe shi. Na riƙe shi da hagu na ɗora abin da ya rage a kan maɓallan, sannan na mai da shi kwali. Ban ji haushinka ba, kada ka sa wannan a ranka. Ni na rubuta maganar a dunƙule don na kasa rubuta ta a fili. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ka je Kano da hannun shago saboda ni.

Na karanta labarin wasanka sau biyu. Ba ka yi kuskure a daƙiƙa huɗun nan ba. A wurin nan caca ce, ko ni ne zan iya dannawa. In akwai kuskure, tun baya ne, da ka yarda kana ja da baya har ka kai lungu. Da jininka ya fi nasa kamata ya yi ka riƙe tsakiyar fili. Ban koya maka wannan ba, na ɗauka akwai lokaci. Yanzu kuma faɗarsa ba ta da amfani.

Ba a saka mai hannu ɗaya a rami. Na yi gadi, na yi wa wani mai shayi wanke kofuna. Wata mai zuwa zan bi wasu arewa, wajen iyakar Aljeriya, an ce ana neman masu gadin kaya. Ba zan dawo Kazaure haka ba, babu abin da na tafi nema, babu kuma abin da na tafi da shi. Kada ka faɗa wa Inna. Ka ce ina lafiya.

Ka riƙe wa Kawu sitonsa da amana.

Kashim.

*

Roni,
9 ga Mayu, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

A bakin sito na karanta takardarka, ana sauke buhunan gyaɗa. Na shiga ciki na rufe ƙofa. Duk kalmar da na rubuta maka a watan Yuli ina tune da ita, har da ta raƙumin. Ka ce ba ka ji haushi ba. Ni na ji, kuma ban san inda zan kai shi ba. Ka yafe mini.

Ka kuma yafe mini na biyu, don ban riƙe sirrin ba. Baba ya ga fuskata ya ce in ba shi takardar. Da ya gama ya sa hula muka tafi Kazaure wajen Goggo, shi ya faɗa mata da bakinsa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce, "Dama ko hagu?" Baba ya ce dama. Sai ta ce, "To wa ke wanke masa kaya?"

Baba ya ce in rubuta maka cewa sito aikin mutum biyu ne, kuma awo da ido da baki ake yin sa. Ya ce in ka ƙi zuwa don kunya, to shi ka kunyata. Kada ka tafi arewa, Yaya. Ka hau motar Ahmad.

Ni tun Disamba ban taɓa gem ba. A Roni akwai shago ɗaya, ƙwallo kawai suke bugawa. Wani lokaci ina zaune sai in ga babban yatsana yana ja baya da ƙasa a kan gwiwata. Shi ma zai daina.

Ƙanenka,
Nafi'u.

*

Tashar mota, Babura,
3 ga Oktoba, 2024.

Yaya Kashim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana raye kana lafiya. Mu muna nan. An fara yankan gero.

Ahmad ya dawo mini da takardata ta watan Mayu ba a buɗe ba. Ya ce kwana shida tsakanin tafiyarka da isarsa. Ya sake komawa da ita sau biyu, ya tambayi mai shayin, ya tambayi ɗan Damagaram, ba wanda ya san garin da kuka sauka. Na haɗa ta da wannan, zai ba masu motocin da ke yin arewa, ko Allah zai sa.

A kan bonet ɗin motarsa nake rubutu, suna ɗaure kaya. Goggo na tare da ni. Da wannan gwiwar tata ta ce sai ta zo da kanta, mota biyu muka hau. Na tambaye ta me zan rubuta maka, ta ce babu. Ta taka wajen Ahmad, ina jin ta tana ce masa, "Ɗana, in Allah ya haɗa ku kada ka matsa masa ya dawo. Ka dube shi da kyau kawai, ka zo ka faɗa mini ko ya rame."

Sun tayar da mota, bari in miƙa.

Nafi'u.